Rubutun Baba da jan biron shugabata

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, kuma na rasa wanda zan faɗa wa bai ce na cika saurin kuka ba.

Ina koyarwa a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, darasin aji nake yi, ba na tashi. Bana aka ɗora mini haɗa littafin da ɗalibai za su riƙa dubawa kan yadda ake tunkarar ƙananan filaye in za a sauka: ta wane ɓangare ake shigowa, a tsayin ƙafa nawa, me ke kan hanya. Na yi murna, don mahaifina ya shekara talatin yana kai ƙaramin jirgi irin waɗannan filayen, kuma da ya rasu bara waccan, littafinsa na aljihu hannuna ya faɗo. Da fensir ya cika shi. Ba rubutu irin na hukuma ba ne, magana yake yi: "In ka hango tankin ruwa a hagunka, rage wuta, ban da gaggawa, titin ba inda za shi." Haka yake ko a gida, ko shayi kake zuba masa. In ina karantawa sai in gan shi a kujerarsa ta bakin taga yana ɗaura igiyar takalmi.

Filaye goma sha ɗaya na kwafo daga ciki. Shugabar sashenmu ta dawo mini da aikin, gefen kowace lamba ta sa jan biro: "Daga ina? Yaushe?" Baba bai taɓa sa kwanan wata ba, wurin da kake zuwa duk mako me za ka yi da kwanan wata? Na ji haushinta, har kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Amma da na ɗauko taswirar hukuma ta bana na gwada, sai na tarar a wani fili, daidai tudun da Baba ya ce a sauko zuwa ƙafa ɗari shida, yanzu an kafa dogon ƙarfen sabis na waya.

Ba wai ban san gaskiya ba. Amma duk shafin da na cire, ji nake kamar yau aka fita da shi daga gidan. Ga Mama, na riga na yi suɓul da baka na ce mata aikinsa zai shiga littafi, kullum sai ta tambaye ni ko an buga. Kewarsa nake yi, Anti. Ya zan yi?

'Yar Kyaftin

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki. Kewar uba ba laifi ba ce, kuma ba ki yi wauta ba da kika so a ji muryarsa.

Sai dai shugabarki ta yi daidai, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗalibin da zai buɗe shafin nan bai san Kyaftin ba, bai san kujerarsa ba. Lamba kawai zai gani ya yarda, ya ɗora ransa a kai. Mahaifinki bai yi kuskure ba, ya rubuta abin da idonsa ya gani a ranar. Ƙasar ce ta canza bayansa.

Don haka kowace lamba ki ɗauko ta daga takardun hukuma na yanzu, ki rubuta inda ta fito da kwanan watan bugun. Wadda ba ki samu madogararta ba, ki bar ta a gida. Amma nasiharsa, irin ta haƙuri da natsuwa, wannan ba ta tsufa. Ki roƙi shugabarki ta ba ki shafi biyu a ƙarshe, da sunansa a sama, a rubuta ƙarara cewa tarihi ne, ba na aiki da shi ba ne. Ki fara da yi mata godiya, bakin zai fi saurin buɗewa. In ta ƙi, kada ki ja, ki buga wa 'yan gida nasu daban.

Mama kuwa kada ki jira ranar bugu. Ki zauna da ita ki gaya mata batun ƙarfen nan yadda yake. Matar da ta shekara talatin tana jiran matuƙi ya dawo gida ba za ta so wata uwar ta jira ɗanta a banza ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sauke ɗalibanki lafiya.

Antinki