Ɓarauniya da Jaka

Talata, 3 ga Maris

Masu fim ɗin nan sun sake zuwa coci bayan taron mata. Wata doguwar Baturiya mai suna Gretchen, da mai ɗaukar hotonta. Wai suna neman waɗanda kamfanin Verdalma ya cuta. Anselmo, mijin da Allah ya haɗa ni da shi, bakinsa ba ƙofa, ya nuna ni da yatsa: "Ga tawa nan. Garejinmu cike yake da garin shansu, mota a titi take kwana." Ji na yi kamar in cire takalmi in kwaɗa masa. Ni ba wadda aka cuta ba ce. Kasuwa ce ba ta karɓe ni ba, shi ke nan.

Asabar, 7 ga Maris

Na leƙa shagon Herlinda na ba ta labari. Ita ce komadre tawa, wato ita ta riƙe 'yata Yaretzi ranar baftisma, ita kuma ta shigar da ni Verdalma. Tana dama wa mata garin a bayan koren labulenta, ta kwashe da dariya: "Jaka, je ki yi fim ɗinki. Ki shafa jan baki, ki gaya musu abin yana rage tumbi." Na ce, "Ɓarauniya, fara duba naki tumbin."

Haka muke kiran juna tun muna yara a ƙauyenmu na Michoacán. Ta tsinke gwabar fadan cocinmu, ta zuba mini a siket, aka kama ni, na sha bulala ban tona ta ba. Daga ranar ta zama Ɓarauniya, na zama Jaka, macen jaki mai ɗaukar kayan wani. Ko ranar aurena haka ta kira ni, a gaban surukata.

Alhamis, 19 ga Maris

An ɗauki fim ɗin. Sun wuni a garejina. Suka sake jera kwalayen don su yi tsayi a bayana, suka ce in goge jan bakin, wai yana ƙyalli. Gretchen ta zana mini dala mai tsini a sama a takarda: na sama suna ci, na ƙasa suna sayen kayan da ba mai saye, sai dai su ma su kawo wasu ƙarƙashinsu. Na ce na gani, ai ba makauniya ba ce. Ta tambaye ni wa ya kawo ni. Na ce, "Wa fa, in ba Ɓarauniya ba? Tun muna yara Herlinda take sata, ni nake shan dukan." Na ba su labarin gwaba, ina dariya har da hawaye. Gretchen ba ta dara ba, kai kawai take gyaɗawa. Yarenmu a makaranta ta koye shi, shi ya sa.

Lahadi, 22 ga Maris

Ashe wani attajiri ne a New York yake biyan kuɗin fim ɗin. Anselmo ya yi mini bayani da tortiya, gurasar masarar nan tamu, a hannu, kamar shi ne dillalinsa: mutumin ya ari hannun jarin Verdalma ya sayar da tsada, yana jiran kamfanin ya faɗi ya saya da araha ya mayar, ribar ta zama tasa. Na ce wato caca yake yi da hawayenmu. Anselmo ya ce, "Ko ma mene ne, gaskiya yake faɗa." Na ce wanda bai taɓa taka garin nan namu na Cicero ba ne zai zo ya ji tausayina. Haushi ya hana ni cin abinci.

Juma'a, 21 ga Agusta

Fim ya fito. Yaretzi ta nuna mini a waya.

Asabar, 22 ga Agusta

Babu gwaba. Babu dariya. Sun yanke duka. Ga ni zaune gaban kwalaye, baki fari fat kamar mai jinya, ina cewa Herlinda ɓarauniya ce, tun muna yara take sata. Sai suka manna wurin da nake share hawayen dariya, da kiɗa mai sanyi a ƙasa. Daga nan sai hoton koren labulenta.

Na kira Gretchen na wanke ta tas. Ta ce, da muryar nan tasu mai laushi, "Amma ai kalmominki ne, Ofelia." Na ce nawa ne, amma sunan wasa ne. Ta ce ba ta san ana wasa da irin wannan kalma ba. To me ya hana ta tambaya?

Lahadi, 23 ga Agusta

A ƙofar coci Herlinda ta dube ni ta ce, "Barka da Lahadi, Doña Ofelia." Doña, kamar tana gaida baƙuwar dattijuwa. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 2 ga Satumba

An nuna attajirin a talabijin, gashi a gyare, yana magana kan "matalautan da aka yaudara". Ni ke nan. Hannun jarin ya ɗan sauka, ya sake hawa. Shi ko a jikinsa, kamfanin ma ko a jikinsa. Matan Herlinda kuwa rabi sun daina zuwa shagon.

Bikin cikar Yaretzi shekara goma sha biyar saura wata guda da 'yan kwanaki, kuma uwar baftisma ce take ɗora wa yarinya kambi, ba wata ba. Yarinyar ta tsare ni a kicin: "Mama, in Nina Herlinda ba ta zo ba, wa zai sa mini? Ki je ki ba ta haƙuri mana." Ni ce ma zan ba da haƙuri. Jaka dai.

Asabar, 5 ga Satumba

A wurin mai nama Doña Chayo ta riƙe mini hannu. Tsohuwar da take wankau ɗin nan. Ta ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da muka kasa faɗa." Na ce ba haka nake nufi ba, wasa ne. Ta ce kuɗin da ta tara don a kai gawarta gida ne ta saya kwalaye da su, Herlinda ta ce mata kafin Kirsimeti za su ninka. Ta riƙa jijjiga mini hannu, na rasa yadda zan ƙwace. Har na dawo gida na manta ban sayi naman ba.

Me ya sa kowa yake jin abin da ban faɗa ba?

Lahadi, 13 ga Satumba

Na yi tamale, irin alalar masarar nan tamu, na kai wa Herlinda. Ta bar ni tsaye a bakin labule kamar mai talla, sannan ta fashe da kuka. Ta ce, "Ke ma kin san ban taɓa cin na kowa ba. Ni ma ɗakin ƙasa cike yake da kwalaye." Na sani. Na ce mata Baturiyar ce ba ta jin wasa. Muka zagi Gretchen tare, muka zagi attajirin, muka cinye tamalen. Za ta zo bikin. Maganar Doña Chayo ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da kofi.

Lahadi, 11 ga Oktoba

An yi biki jiya, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Herlinda ta zo cikin shuɗiyar riga, ta ɗora wa Yaretzi kambi, na yi kuka ban ɓoye ba.

Wajen buɗe kyaututtuka ta miƙo wani koren akwati da kintinkiri. Kayan fara kasuwancin Verdalma ne, har da ƙaramin kofin awo. Ta rungume yarinyar ta ce, "Ajiye shi, 'yata. Kina cika sha takwas kina ƙarƙashina, ƙawayenki kuma suna ƙarƙashinki. Ba za ki yi wahalar da uwarki ta yi ba." Yaretzi ta yi murna, ta fara ƙirga ƙawayenta da ido.

Na dubi Herlinda na ce, "Ɓarauniya."

Sai ta kece da dariya ta rungume ni: "Jakata ta dawo." Kowa ya yi dariya, aka tafa. Anselmo ya ce a ƙara kiɗa.

Litinin, 12 ga Oktoba

Yaretzi tana neman koren akwatinta, na ce wataƙila an bar shi a zauren. Yau masu kwashe shara suke zuwa layinmu.

Herlinda ta kira da safe, murya wasai, mun koma kamar da. Na gode wa Allah. Abu ɗaya ne kawai: shekaranjiya da na faɗi sunan, kowa ya yi dariya, ita ma ta yi. Na yi ta tunani ko ni ma na yi dariyar. Wataƙila gajiya ce.