Ni Na Raka Su Har Motar Isuhu

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karanta wannan shafi. Don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya isa. A ɓoye sunana, sunayen da na sa a nan ma na aro ne. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfura na fara riƙe biro.

Ni mutumin Maradi ne, ina zaune a Greensboro ta Amurka, ina wanke kwanuka a wani gidan abinci, kuma ba ni da takardun zama. Duk Asabar da safe muna zuwa ajin manya a wata makarantar yara kusa da unguwarmu Glenwood, ana koya mana karatu da Turanci. Bitrus, wani Kirista ɗan Jos mai cikakkun takardu, shi ke kwasar marasa mota ya kai mu, yana tsokanata wai Kawu, sunan da suke kirana da shi ke nan, zai zama farfesa kafin haƙoransa su ƙare.

Asabar ɗin da abin ya faru na fito shan iska, sai wasu Turawa biyu cikin kayan gida suka gaishe ni da fara'a, suka nuna mini hoto suna tambayar inda mai hoton yake. Isuhu ne, ɗan garinmu, wanda ke kawo matarsa aji ya jira ta a mota. Anti, na ji duk abin da suka ce! Daɗi ya kama ni, na amsa da Turanci kamar yadda malama ta koya mana. Kuma a wurinmu idan baƙo ya tambayi mutum ba nuni ake yi da baki ba, raka shi ake yi. Na zaga da su bayan ginin, na nuna musu motar. Isuhu ya juya yana ba 'yarsa abinci a kujerar baya, bai gan ni ba. Sai da suka tuɓe rigunan sanyinsu na ga bindiga, na ga haruffan da ke bayansu. Ina haɗa su ɗaya-ɗaya, kafin in gane 'yan imigireshan ne sun riga sun buɗe ƙofar. Suka fizgo shi, ya riƙe sitiyari yana cewa 'yata, 'yata, suka doke hannun, suka kifa shi a kan kwalta. Ɗaya ya danne masa wuya da gwiwa. Na ji ƙarar bakinsa da ya bugi ƙasa, na ga jini da guntun haƙori, yarinyar tana tsala ihu a ɗaure cikin kujerarta. Ni kuwa me na yi? Na laɓe bayan bola kamar ɓarawo, na lallaɓa na koma aji na buɗe littafina.

Daga ranar aji ya watse. Wasu sun hana 'ya'yansu zuwa lakwal, wato makaranta, wata mata ta haihu a ɗaki don tsoron asibiti. Idan a makaranta ma za a kama mutum, ina ya rage mana? Kowa sai tambaya yake: wa ya kai tsegumi? Mamman, ƙanin Isuhu, ya ce Bitrus ne, don sun taɓa cacar baki da Isuhu a kan wurin ajiye mota, kuma shi ne ba ya tsoron hukuma.

Ranar Lahadi da rana Mamman ya zo ya ce, “Kawu, taso ka zama shaida, kai ne babba.” Na bi shi da niyyar in faɗi gaskiya a hanya, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Muka tarar Bitrus ya dawo daga coci da fararen kaya. Ya gan mu ya yi dariya ya ce, “Farfesa, yau da almajirinka ka zo?” Bai rufe baki ba Mamman ya sauke masa ƙarfen kwance taya a haƙarƙari. Na shiga tsakani, amma wa na riƙe? Bitrus na riƙe, Anti. Na rungume shi ta baya wai ina rabo, hannuwansa suka maƙale a nawa, Mamman ya samu yadda yake so. Ya fasa masa baki, ya karya masa hannu, yana cewa, “Munafuki! Faɗi abin da ka gaya musu!” Bitrus yana aman jini a kan rigata yana cewa, “Kawu, gaya masa mana, kai ka san ni.” Na ji, na yi shiru.

A asibiti Bitrus ya ce wa likita daga matakala ya faɗo. Da na je dubiya na tambaye shi dalili, ya ce, “In na ce duka ne 'yan sanda za su shigo gidajenku, su kwashe ku duka. Yarinyar nan ta rasa uba, in sa ta rasa baffa kuma?” Sannan ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, “Kai kana waje ranar da aka kama Isuhu. Ba ka ga kowa tare da Turawan nan ba?” Na ce ban gani ba.

Yanzu Mamman yana cewa ƙaryar da Bitrus ya yi wa likita alamar rashin gaskiya ce, kuma da zarar an sallame shi zai ƙarasa aikin. Na ga wuƙar da ya ajiye a motarsa. In na kira 'yan sanda, na sake jawo wa mutanenmu abin da na jawo wa Isuhu. In na faɗa wa Mamman gaskiya, wuƙar nan tawa ce, kuma ban san da wane ido zan kalli matar Isuhu ba, wadda har yau take aiko mini da tuwo. In na yi shiru, mutumin da ya rufa mana asiri da karyayyen haƙarƙari zai mutu a madadina.

Likita ya ce jibi za su sallame shi, kuma ni Bitrus ya roƙa in je in raka shi gida. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?