Hantar Gwaggo Rabi

Daren Laraba, Dogon Dutsi

Yau ma Gwaggo Rabi ta kwaso ƙawayenta. Tun da likitoci suka ɗebi hantarta suka dasa wa Nasiru, ɗana ya koma abin kallo.

"Ɗaga riga su ga ɗinkin," in ji ta. Ya ɗaga, kansa a ƙasa. Ni ko ina tsaye kamar gunki. Wa zai tsawata wa wadda ta ba da hanta?

Ko fushi ya yi sai ta ce, "Kar ka ɓata mini hanta."

Da magariba ya ƙi tuwo, ya ƙi magani. Ina cikin faɗa ya ce, "Inna, ba a iya mayar mata da abinta?"

Gobe a zaure zan tare ta. Ta kira ni butulu in ta ga dama.