Négatif

Zongo, Parakou, 6 ga Afrilu 2020

Zuwa ga ƙanwata Kamila,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukan mutanen Djougou. Mu nan lafiyarmu lau, ki karanta wannan sau biyu. Da hannu na sa aka rubuta, na ba direba, don na daina yarda da waya tsakanina da ke.

Kin san da maigidana ya dawo daga Cotonou ma'aikatan lafiya suka gwada shi, suka ce mu zauna gida. Muka zauna, ba shiga ba fita, yara na tsalle a kaina, ga 'yata Zouéra da cikinta wata tara ta zo haihuwa gabana. Ranar da sakamako ya fito, likita da bakinsa ya ce ba shi da korona. Don murna na aiko miki da hoton takardar, tunda ke ce 'yar bokon gidanmu. Ashe kaina na ja wa.

Kika ga an rubuta négatif, wato babu cutar da Faransanci, kika yanke cewa abu ya ɓaci. Ba ki kira ni ba, sai kika ɗauki murya kina kuka kina salati, kika jefa a zauren dangi na WhatsApp. Haba Kamila! Shekara shida kina zuwa lakwal karatun boko, wannan kika kwaso? Kafin la'asar muryarki ta zagaye Zongo. A wayar mai gawayi ma na jiyo ta ta katanga.

Yanzu na fito da kaskon waina ƙofar gida, ga bokitin wanke hannu, ga takunkumi a hancina, amma mutane sai su tsallaka titi. Ƙullu ya yi tsami sau uku, na zuba wa awaki. Wannan duk da sauƙi. Zouéra yau ko gobe ce, mijinta yana Cotonou an rufe hanya, maƙwabtan da za su kama min kuma sun ɗauke ƙafa.

Abu ɗaya nake so: ki sake ɗaukar murya, ki ce kin yi kuskure, maigidana bai taɓa kamuwa ba.

Ki gaishe da kowa.
Yayarki, Habsa

Zongo, Parakou, 19 ga Afrilu 2020

Kamila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na saurari sabuwar muryarki. Wato kin gode wa Allah, maigidana ya warke. Ya warke! Daga me? Kalmar kuskure ce ta fi ƙarfin bakinki, kika gwammace ki tabbatar mana da cutar da ki ji kunya a gaban matan Djougou. Wallahi na farkon jahilci ne, na yafe. Na biyun da gangan kika yi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Zouéra ta sauka ranar Lahadin da ta wuce, an samu mace. Ba taro muka nema ba, mun san an hana, masallaci ma a rufe yake. Barka kawai daga bakin ƙofa. Kwana shida ina kasa kunne, ko sallama ɗaya ban ji ba. Zouéra tana tambayata ko ba a sanar ba ne, ni kuwa in juya in kama hura wuta.

Muka raba goron suna gida-gida. Kamila, aka dawo mana da shi, ƙulli-ƙulli, ba a ko kwance ba. Mu da kakanninmu suka ƙare rayuwarsu a fataucin goro, yau namu ake tsoron taɓawa. Maigidana ya zauna a zaure yana kallon tiren goron. Wanzami ma ya aiko cewa yana da uzuri.

Mutum ɗaya ce ta shigo: Maimouna, Bafulatanar da ke kawo cuku unguwarmu. Ba ta da waya, ba ta ji ki ba. Da na gaya mata abin da ake faɗa, sai ta ajiye ƙwaryarta ta wanke hannu, ta ɗora ruwan wankan jego. Kullum da safe sai ta zo. Ita ta riƙe jaririyar yau, maigidana ya aske mata kai da hannunsa.

Ga abin da ba ki sani ba. Tun cikin yana wata huɗu Zouéra da mijinta suka yanke cewa in mace ce sunanki za a sa, don ke kika goye ta tana ƙarama. Sun ɓoye ne su ba ki mamaki. Jiya Zouéra ta kira mijin nata a waya, ban sa baki ba. Da safen nan aka raɗa wa yarinya suna Maimouna.

Kada ki kira Zouéra yanzu, ba za ta ɗauka ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu ga azumi.

Yayarki dai, uwa ɗaya uba ɗaya,
Habsa