Zanen Inna a Ramin Bango

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi.

Maƙwabcina ne dai, ga sigari ga suyar kifi, hayaƙin duk ta ramin bututun ruwa yake shigo mini. Har wata ta dawo da rigar da na ɗinka mata, wai tana ƙarni. Mai gidan da nake haya ya ce in ba zan iya ba, in tashi. Ba inda za ni.

Na yaga tsohon zanen Inna na cusa a ramin, na bi da siminti. Ki ba ta haƙuri, ki aiko mini da wani, saura ƙasan ƙofa.

Jiya na jiyo maƙwabcin yana tari. Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarki