Katakon da Garwashi Ya Ci

Ummu Tamir,

Na tafi filin jirgi ɗauko Tamir, ban so in tashe ki ba.

Jiya da la'asar, kina gidan ƙanwarki, abokina Abu Zuhair ya zo muka kunna shisha a kan sabon daɓen katako na lambu. Garin ba ni labarin da na ji sau ɗari, ya ture kasko da ƙafa. Garwashi ya narkar da katako ɗaya, ya bar rami kamar gindin kofin gahawa. Wai har yana cewa, "Wane irin katako ne yake narkewa kamar cuku?" Na ce masa rabinsa roba ne, kamar haƙoransa.

Kin san ɗanki. Ya rantse ranar da ya kama ni da shisha sai ya fasa ta, ya kuma kai ƙarata wurin likitan zuciya.

Tun bayan sallar asuba nake durƙushe. Na kwance kusoshi, na juya katakon, ƙunar ta koma ƙasa. Sai dai wannan gefen bai taɓa shan rana ba, ya fi sauran duhu. Gwiwoyina kuwa sun gama aiki.

Don Allah kada ki taɓa shi da bilic ko soson ƙarfe, ƙara tona mini asiri za ki yi. Ruwan ɗumi da sabulu kawai, tokar ta fita daga tsagi. In ya bushe ki shimfiɗa doguwar dardumar nan a kai.

Idan Tamir ya tambaya, ki ce nan nake salla yanzu. Yau zan fara, don kada in sa ki ƙarya.

Abu Tamir