Sai da Rana Ta Take

Velzna, watan Akale

Zuwa ga ƙanena Setre,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan ƙirarka a Pupluna. Ya hayaƙi, ya tarin nan naka? Matarka Fasti lafiya lau, sai nauyin ciki.

Kaka tana nan. Ƙusa ɗari da bakwai ke nan aka buga a bangon ɗakin bautar allahiyarmu Nortiya tun haihuwar Kaka, kowace shekara ɗaya. Tun da tsoho Arant ya rasu, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa ranar da zamanin nan ya kama. Ran da ta cika, zamani ya ƙare, ɗaya ya tafi ke nan cikin zamani goman da alloli suka yanka mana. Don haka gidanmu ya zama kasuwa. Duk kwana takwas masu duban gari sai sun zo sun kara kunne a ƙirjinta, su tambaye ni me ta ci. Ni dai ba wanda ya tambaye ni me na ci.

Abin da ya fi damuna, sun fara ƙirga masu ciki. Duk jaririn da ya faɗo ranar da Kaka ta tafi, za a rubuta shi a ƙyallen lissafi, a tsare shi yadda aka tsare ta. Babbansu ya kalli cikin Fasti ya yi murmushi, wai ai gidan ya saba. Kamar in watsa masa ruwan wanki.

Ka gaida mutanenka.
Yayarka, Hastiya

Velzna, watan Turane

Setre,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Gishirin ya iso, mun gode.

Kaka ta daina cin abinci. An ce in riƙa ɗura mata zuma da ruwa, ko tana so ko ba ta so. Ina yi, ina kuka. Jiya ta kama hannuna ta ce, ke Hastiya, shekara ɗari da ɗoriya ina riƙe wa garin nan rana kamar akuyar ɗaure, ko ƙofar gari ba a bar ni na fita ba, tekun da ƙanenki ke gani kullum ban san kalarsa ba, yanzu mutuwar ma sai da izini?

Na gaji, Setre. Bayana ya ƙage, hannuna duk ya tsage. Watan Fasti ya kama, kuma tsoro nake ji.

Yayarka, Hastiya

Velzna, watan Ermi

Ƙanena,

Ina maka barka, ina maka gaisuwa. Fasti ta sauka, mace, lafiyayya. Kaka kuma ta rasu.

Ka karanta wannan kai kaɗai, sannan ka jefa a wutar maƙera. Da hantsi aka haifi yarinyar, ungozoma ta fita tana shela. Na shiga in gaya wa Kaka, na tarar ta cika, jikinta da sauran ɗumi. Rana ɗaya, Setre.

Sai na tuna kwananmu daga tsakar rana yake juyawa. Na sakaya ƙofa, na zauna kusa da ita ina mata fifita. Wani mai duba ya ƙwanƙwasa, na ɗaga murya na ce, haba Kaka, ki daure ki ƙara cokali ɗaya mana. Ya ji, ya tafi. Ina zaune ina kallon inuwar turken tsakar gida ta taga, tana ja da baya kamar ba ta so. Sai da ta shige ƙarƙashin turken, ta ɓullo ɗaya gefen, sannan na buɗe ƙofa na sa kuka.

An busa ƙaho, an ce zamani ya juya. An rubuta jarirai huɗu, har da ɗan maƙwabciyarmu Ramta da aka haifa da yamma, wanda da na faɗi gaskiya da ya tsira. Ban iya haɗa ido da ita. Gari duka yana lissafi da ranar da ni na zaɓa, kuma haka jikokinsu za su yi.

Taka dai ba ta cikin ƙyallen. In ta yi wayo, ka zo ka ɗauke ta ta ga teku.

Yayarka mai ƙaunarka,
Hastiya